Yawon yini guda daga York: Whitby da jirgin ƙasa mai tururi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu shida ne, har da dattawa biyu da yara biyu, muna son fita yini guda daga birnin York na Ingila a watan Agusta, da mota da direba mai jagora. So muke mu ga tsohon gari, mu kuma hau jirgin nan mai aiki da kwal. Ina za mu dosa, kuma me za mu tambaya kafin mu biya?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ku nufi Whitby, tsohon gari a bakin teku, ta garin Pickering. Layin da kike nufi shi ne North Yorkshire Moors Railway: mil 18 daga Pickering zuwa Grosmont, sai ƙarin mil 6 zuwa Whitby. George Stephenson ne ya tsara shi, aka buɗe a 1836 da dawakai ke jan taragu, aka rufe a 1965, masu sa kai suka farfaɗo da shi a 1973. Shawarata ɗaya ce: kada ku yi jirgi zuwa da dawowa. Tafiya ɗaya daga Pickering zuwa Whitby tana cin kusan awa biyu, ga mota kuwa minti 40 ne ta hanyar A169. In kun yi biyun, awa huɗu sun tafi a kujera, garin kuma sai leƙe. Amfanin ɗaukar direba ke nan: ya ajiye ku a wata tasha, ya zagaya ya jira ku a wata.

Baban Khalil: Na yarda da Malam, amma ɓangaren da za a hau ma yana da zaɓi. Masu shirya yawo sun fi sa mutane daga Goathland, tasha tsakanin Pickering da Grosmont, su gangara Grosmont ko Whitby da safe, saboda ya fi musu sauƙin lokaci. A gangara injin ba ya aikin komai. Daga Grosmont zuwa Goathland ne hawan yake, tashin ƙafa 1 a kowace ƙafa 49, a nan za ku ji injin yana huci, hayaƙi na tashi sosai. Don haka ku fara Whitby da mota, ku hau jirgin da rana zuwa kudu, direba ya tare ku a Goathland, ko a Pickering in yaran suna da haƙuri. In akwai ratar minti 30 a Grosmont, ku bi ta tsohon ramin da dawakai ke ratsawa a da, zai kai ku rumfar da ake gyaran injuna.

Malam Sabo: Gaskiya ne. Sai dai a duba jadawalin ranar, don ba kowane jirgi ne ke isa Whitby ba, wasu a Grosmont suke juyawa. Kuma ba kowanne ne mai tururi ba, akwai na dizal a ciki.

Hajiya Turai: Wannan na dizal ɗin shi ke ɓata wa mutane rai, gara ki sani tun yanzu, Maman Hanifa. In damina ta yi ƙaranci ciyawar dajin ta bushe, tartsatsin kwal na iya ta da gobara, sai su janye injunan tururi ko su haɗa da na dizal yana taimakawa. Agusta na cikin watannin da hakan kan faru. Ki duba shafinsu ana gobe za ku tafi. A gefe guda kuma a watan ne furen dajin ke fitowa, tuddan duk su koma launin shunayya, don haka ki ce wa direba ya tsaya a Hole of Horcum, wani ƙaton kwari a bakin A169, akwai wurin ajiye mota a gefensa.

Abin da za ki tambayi mai motar, a rubuce: kuɗin jirgi na cikin farashi ko kuwa? Sau da yawa ba ya ciki, haka ma kuɗin shiga kangon Whitby Abbey, tsohon gidan ibadar Kirista da ke saman dutse. Awa nawa ne a Whitby? Ƙasa da awa biyu da rabi ba ya isa ga masu dattawa. Sannan kujerar yara: doka ta ce yaro sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya daina zama a cikinta, kada ki ɗauka motar na da ita. Motar haya mai ɗaukar mutum takwas ko ƙasa da haka tana da lasisin ƙaramar hukuma a manne, ki nemi gani. Ku shida, motar da kuka ɗauka ku kaɗai ta fi bas mai kujera 16, wadda ba ta jiran kowa.

Maman Hanifa: Na gode Hajiya. An ce akwai matakala masu yawa, su Baba za su iya?

Hajiya Turai: Matakala 199 ne daga tsohon gari zuwa saman dutsen. Ba dole ba ne. Akwai titi da wurin ajiye mota a sama kusa da kangon, direba ya fara kai ku can, matasa su sauko da ƙafa, dattawa su dawo ƙasa a mota. A riƙa musu rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar teku a saman nan ba ta da wasa. Whitby Abbey tun shekarar 657 aka kafa shi, amma ginin da ake gani yanzu na bayan nan ne da ƙarnoni.

Injiniya Lawwali: Maganar abinci, tunda kowa zai ce muku ku ci soyayyen kifi da dankali. A wannan yanki da yawa da kitsen saniya suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Tambayoyi biyu ne kafin ku yi oda: da wane mai ake suya, kuma me ke cikin kwaɓin. Akwai masu man gyaɗa ko na ganye, za su faɗa muku kai tsaye. In a waje za ku ci, ku rufe kwalin, tsuntsayen bakin teku suna fizge abinci daga hannu. Ku tafi da darduma da gorar ruwa, ku gaya wa direba tun farko cewa za ku tsaya salla don ya sa a lissafi.

Baban Khalil: Wani abin da ke lalata yini: cusa wurare. Za a tallata muku Helmsley da Rievaulx Abbey da Hutton-le-Hole duk a rana ɗaya da Whitby. Wuraren suna da kyau, Rievaulx ma tun 1132, amma suna yamma, ta hanyar A170, yininsu daban ne. Jirgi ba ya jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto.

Malam Sabo: A kuma guji Asabar da Lahadi in da hali. Hanyar A64 daga York zuwa Malton takan cushe da masu zuwa bakin teku. Ku bar York kafin ƙarfe 9, ku isa tasha minti 20 kafin tashin jirgi.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Kayan yara fa, hayaƙin yana ɓatawa?

Injiniya Lawwali: Amin. In taga a buɗe take, burbushin kwal na shigowa, musamman a taragun da ke kusa da injin. Kada a sa musu fararen kaya, kada kuma su leƙa da kai waje, yana faɗawa ido. Ku nemi tarago na tsakiya ko na baya.