Neman kalma: me za mu kira "riyakshan" ɗin kuturta?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina fassara takardar koyar da ma'aikatan lafiya, ranar Alhamis za a karɓa. Kalmar "riyakshan", wato kumburi da zafin da kan taso wa mai kuturta farat ɗaya, ta tsaya mini a wuya. Na sa "tashin cuta", ya yi?

Likitan fata: Wa alaikumus salam. Malam, cire ta. Duk wanda ya ji "tashin cuta" zai ɗauka ƙwayoyin ne suka farfaɗo. Rifamfisin, ɗaya daga magungunan kuturta, miligiram 600 sha ɗaya yana kashe mafi yawansu cikin kwanaki, amma gawarwakinsu na shekaru a fata da jijiya. Ma'aunin yawan ƙwayoyi, mai tashi daga 0 zuwa 6, da ƙyar yake sauka mataki ɗaya a shekara. Garkuwar jiki na far wa ɓurɓushin matattu kamar yadda take far wa masu rai, shi ya sa riyakshan ke zuwa kafin magani, ana cikin sha, ko bayan an gama wata 12 na shan magani.

Malamin Hausa: Boren garkuwa. Gajeriya, Bahaushiya, ba aro.

Ta ɗakin gwaji: Likita, kada mu binne masu ran gaba ɗaya. Idan abin ya yi ta dawowa shekaru bayan magani, dole a bincika ko wasu sun tsira. Wahalar ita ce ƙwayar ba ta hayayyafa a kwanon gwaji. A tsaga fatar leɓatun kunne, a shafa a gilashi, a rina: wadda ta sha rini sumul kamar sanda ana ɗaukarta mai rai, mai gutsi-gutsi matacciya. Gwajin DNA ba ya rarrabewa, gawa ma tana da shi. Sa ƙwayar a tafin ƙafar ɓera a ga ko za ta hayayyafa, dabarar masani Shepard ta 1960, sai an jira watanni.

Likitan fata: Haka ne, Hajiya. Don haka kalma biyu ake bukata. Komowar cuta a hankali take zuwa, da sababbin tabo, maganinta a sake zagayen magani. Riyakshan kuwa farat ɗaya, a nau'i na 1: tsofaffin tabo su yi ja su kumbura, jijiya ta yi zafi, hannu ko ƙafa su saki. Wannan firednisolon, maganin kumburi, yake so, galibi daga miligiram 40 ana ragewa, kuma ba a dakatar da maganin kuturta. A ruɗe su, a yi asarar jijiya.

Malamin Hausa: Ai na faɗa, bore. Ku 'yan asibiti sai an ce muku Turanci kuke jin an yi ilimi.

Ta ɗakin gwaji: Malam, bore ƙin bin umarni ne. Garkuwar nan aikinta take yi, wuce gona da iri ta yi. Ni "martanin garkuwa" na fi so.

Malamin Hausa: Martani? Sai ka ce kakakin gwamnati. Wane majinyaci ne zai ce martani ya kama shi?

Likitan fata: Nau'i na 2 fa, mai kullutu masu zafi ƙarƙashin fata da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi? Ko wace aka zaɓa, ta ɗauki nau'in biyu.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Zan sa "martanin garkuwa, nau'i na 1 da na 2", sai "komowar cuta". Na gode.

Malamin Hausa: To, sa. Amma a bugu na biyu za mu sake zama.