Yaya Sewanee ta yi wasa biyar cikin kwana shida a 1899?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Masana ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ina da tambaya. An ce ƙungiyar jami'ar Sewanee ta jihar Tenesi ta yi wasa biyar cikin kwana shida ba a ci ta ko maki ɗaya ba. Me ya kai su ga wannan wahala, kuma ta yaya jiki ya ɗauka?

Na Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Haka aka yi. Duk da ƙungiyoyin wasu jami'o'i suka kara. Ranar 9 ga Nuwamba sun ci Texas 12-0 a Ostin, washegari Texas A&M 10-0 a Hustan, ranar 11 Tulane 23-0 a Niyu Olins. Lahadi suka huta. Litinin suka lallasa LSU 34-0, Talata kuma Ole Miss 12-0 a Memfis. Duk a jirgin ƙasa, tafiyar kusan kilomita 4,000, kamar ka je Legas daga Sakkwato ka dawo sau biyu.

Kuɗi ne sila. Sun saɓa da jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo musu kuɗi ya rushe. Sai manajansu Luke Lea, wanda shi ma ɗalibi ne, ya jera wasanni a waje don cike giɓin.

Malam na Arkilla: Batun jiki, sai an duba dokar zamanin. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai 1906 aka halatta hakan. Dama uku ake ba ka ka ci yadi biyar, don haka wasan turereniya ce a tsakiyar fili, sai bugun ƙafa mai nisa don a mayar da abokan karawa baya. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki biyar ne a lokacin.

Abin da ya fi tsanani shi ne canji. Wanda ya fita ba ya dawowa a wasan, kuma mutum sha ɗaya ɗin nan su ke kai hari su ke tsaron gida, galibi babu hular kwano. Shi ya sa mai targaɗe ke cijewa ya ci gaba. Sun tafi da masu yi musu tausa a cikin jirgi da dare, da ruwan shansu a ganga, domin sauyin ruwa kan ɓata ciki, ciwon ciki kuwa ya isa ya kwantar da ƙungiya.

Na Runjin Sambo: Gaskiya ne, Malam. A ganina tsaron gidan ya fi tafiyar ban mamaki. Wasa 12 a kakar, duk sun ci, maki 322 ga 10. Goman nan duka ƙungiyar jami'ar Auburn ce ta ci, ƙarƙashin koci John Heisman, aka tashi 11-10.