Fitilar Hilux ɗina ba ta haske sosai da dare, LED zan sa ko in canza fitilar gaba ɗaya?

Ɗan Gumel:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masu ilimin mota shawara nake nema. Ina da Hilux Vigo ƙirar 2010, da ita nake ɗauko riɗi da zoɓo daga wajen Gumel da Maigatari in kawo Dawanau, kuma yawanci sammako nake tun duku-duku ko kuma magariba ta yi min a hanya. To fitilar gaban nan ta koma ja-ja kamar aci-balbal, idan na sa dim wallahi sai na zo dab da amalanke ko mai keke sannan nake ganinsa, ga gilashin ya yi dusu-dusu ya koma rawaya, ga hunturu ya shigo hazo ya fara sauka. Na leƙa Ƙofar Ruwa na ga ƙwan LED kala-kala, na ga na HID, mai gas a ciki ɗin nan da ke zuwa da ɗan akwatin wuta da ake kira balas, wani kuma ya nuna min cikakkiyar fitila mai furojekta, wato mai ƙwallon gilashin nan a ciki da ke tattara haske, ya ce daga Tailan take zuwa. Sannan bambar tana da ramin fitilar hazo amma an toshe da roba ba fitilar a ciki, ita ma inaso in sa. Wanne ya fi dacewa, kuma wacce kala, fara ko rawaya? Na gode.

Oga Riwaya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni aikin wayarin mota nake, kuma shawarata kar ka sayi komai tukuna sai an sa mita an auna maka wutar da take isa ƙwan. A tada mota, a kunna fitila, a auna kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 zuwa 14.5 in altaneta lafiya take, sannan a auna a bakin soket ɗin ƙwan yana kunne. Mota mai shekaru irin taka sau da yawa zaka tarar wutar ta zube a hanya saboda waya ta tsufa, soket ya yi tsatsa ko ya ɗan ƙone, makunnin da ke jikin sitiyari shi ma ya gaji. Shi kuma ƙwan halojin, wato irin na kamfani mai zare a ciki, ba ya yafiya ko kaɗan, wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari hasken zai ragu da kusan kashi 30, shi yasa kake ganinta ja. Maganinsa rile ne guda biyu, wato ɗan makunnin nan da wuta ke tayarwa, ɗaya na dim ɗaya na ful, a jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir a sa mata fiyus kusa da batir ɗin, tsohuwar wayar sai ta koma aikin tada rile kawai. Ƙwan Vigo H4 ne 60/55, wato wat 60 a ful 55 a dim, su biyun a haɗe wajen amfiya 10 suke ja, ba wani abu ne mai nauyi ba in waya tana da kyau.

Kar kuma wani ya ce maka ka sa ƙwai mai 100/90 a kan tsohuwar waya, zai narkar da soket ya ƙona farin da ke cikin kwanon fitilar, in wannan farin ya tashi kuwa shikenan ba ƙwan da zai ba ka haske. In kanaso ƙari ka nemi Osram Night Breaker ko Philips orijina, wat ɗinsu ɗaya da na kamfani amma sun fi haske, sai dai sun fi saurin mutuwa kuma jabunsu ya cika kasuwa, ka duba kwali sosai. Kuma kar yaro ya taɓa gilashin ƙwan da hannu wajen sawa.

Gilashin fitilar kuma ai roba ce, rana ce ta cinye fatar sama. A goge da samfefa mai ruwa, a fara da lamba 1000 a bi da 2000 da 3000, a yi folish, sannan dole a fesa mata kiliya mai kare rana in ba haka ba kafin wata hunturun ta koma yadda take.

Mai Golf Haɗeja:

Alhaji dan girman Allah duk abin da zaka sa ka tuna da mu masu ƙananan motoci. Ni haya nake yi da dare, kuma Hilux dama fitilarta tana sama daidai fuskar wanda ke cikin Golf, to in mutum ya cusa farin ƙwan LED ko HID a cikin tsohon kwano hasken ba ya sauka kan kwalta, watsuwa yake ko ina, kai kana ganin ka sa dim ni kuma a wajena ful ne. Na ɗan wani lokaci bana ganin komai, ga fasinja cike da mota, ga mutane na tafiya a gefen titi, ga shanu suna tsallakawa. Sai ka yi ta ƙyafta wa mutum fitila ya sauke tasa ashe a sauke take. Kuma in kun yi lodi bayan motar ya zauna ƙasa gaba ya ɗaga, abin ya ƙara muni. Rai ne fa a ciki, ba maganar ado ba.

Injiniya Zazzau:

Gaskiyar Mai Golf ne, kuma akwai dalili. Shi kwanon fitila an ƙera shi ne daidai da siririn zaren da ke cikin ƙwan halojin, wanda ke ba da haske ta kowane ɓangare daga wuri ɗaya, kuma H4 akwai wani ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim wanda shi ne ke yanke hasken kar ya hau sama. Ƙwan LED kuwa faranti ne da fitilu gefe da gefe, in kaurinsa ko mazauninsa ya kauce ko da kaɗan ne layin nan ya lalace. Zaka ga gaban mota ya yi fari tas ka ji daɗi, amma can nesa inda kake buƙatar gani duhu ne, kuma hasken kusa ɗin nan shi ke sa idonka ya tsuke ka daina ganin nesa. Lambobin lumen, wato ma'aunin yawan haske, da suke rubutawa a kwali kuma kar su ruɗe ka, H4 na asali wajen 1,000 yake bayarwa a dim da 1,650 a ful, duk kwalin da ka ga an jera masa dubbai barkatai talla ce.

Amma ni ban ce LED gaba ɗaya ba shi da kyau ba, a nan na ɗan bambanta da Oga. Furojekta mai LED a ciki wanda aka ƙera su tare yana da kyau ƙwarai, layinsa a yanke yake tsaf kuma ba ya jan wuta sosai. Sai dai ka yi hattara da wannan da aka ce maka daga Tailan take. A Tailan ta hannun hagu ake tuƙi, haka Afirka ta Kudu, kuma duk ƙasashen biyu ana ƙera Hilux a can, kayan kwalliyarta da yawa daga can suke fitowa. Mu kuma tun 1972 Najeriya ta koma hannun dama, Nijar ma dama ne. Fitilar da aka yi wa ƙasar hagu layin dim ɗinta ta hagu yake ɗagawa don ya haska gefen titinsu, to a wajenmu nan ne daidai idon mai zuwa, gefen da kake buƙatar ganin mai keke kuma ya zauna a duhu. Kafin ka biya kuɗi ka sa a jona ta a batir a haska bango, in ka tsaya a bayanta hagu ya zama a kwance dama ya ɗan hau sama, in akasin haka ne ka bar musu abarsu. Masu tambarin E a cikin da'ira ma akwai alama a jikin gilashin, in ka ga kibiya mai kai ɗaya ta ƙasar hagu ce, mai kai biyu tana yin duka, in babu kibiya tamu ce. Depo da TYC na Taiwan suna yin na hannun dama irin na kamfani, su ba laifi.

Wani abu kuma, yawancin LED akwai 'yar fanka a bayansu, ƙurar hanyar ƙauye tana toshe ta, zafi ya yi yawa hasken ya ragu, kuma masu sawa suna yawan yar da robar da ke rufe bayan fitilar don ƙwan ya shiga, damina na zuwa ruwa ya cika ta.

Oga Riwaya:

Injiniya na yarda da maganar furojekta in mai kyau ce. Abin da zan ƙara, Toyota da yawa ta ɓangaren negatib take kunna fitila ba ta fositib ba, shi yasa wani zai sa LED ta ƙi kamawa ko kuma shuɗiyar alamar ful ta dashbod ta daina nunawa, ko rile ɗin ma sai wanda ya san wannan ya haɗa.

Maganar fitilar hazo Alhaji, rawaya zaka sa, wacce suke rubuta 3000K. Farin nan mai 6000K da ya ja zuwa shuɗi in ya daki ƙura dawo maka yake a ido, rawaya ta fi sauƙi ga ido, Faransa ma har zuwa 1993 doka ce fitilar gaban mota ta zama rawaya. Amma abin da ya fi kala muhimmanci shi ne tana ƙasa kuma haskenta shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi ba mai harbi nesa ba, aikinta ta nuna maka bakin kwalta da rami kusa da kai kana tafiya a hankali, ba don gudu aka yi ta ba. Ka sayi wacce ta hau ramin bambar taka daidai domin Vigo ta farko da ta bayan 2011 bambarsu ba ɗaya ba ce, a sa mata rile da fiyus nata daban da makunni, a jona yadda ba zata kama ba sai ƙananan fitilu suna kunne. In hazo ya yi kauri dim da ita kawai, ful ƙara rufe maka hanya yake. Doguwar LED ɗin nan da ake ɗaurawa a saman rufi ko gaban giril kuma ta daji ce da hanyar gona, ba ta kan titi ba.

Ɗan Gumel:

Allah ya saka da alheri duka. Na kai an auna yau, batir 14.1 amma bakin ƙwan 12.2, soket ɗin hagu ma ya yi baƙi. An sa rile an canza soket an goge gilashi, zan bar maganar LED tukuna in ga yadda zata yi. Mai Golf na ji maganarka wallahi, shi yasa nake tambaya, ya ake saita ta kar ta shiga idon mutane tunda kullum da lodi nake?

Injiniya Zazzau:

Samu fili shimfiɗaɗɗe da bango da dare, ka tsayar da motar mita 10 daga bangon, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa ka ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayin. Ka kunna dim, layin hasken ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da zanen, in ka duba jikin fitilar ta sama ma zaka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%, shi ke nan ma'anarsa. Akwai sukurori a bayanta na sama da ƙasa da na gefe, ka rufe ɗaya fitilar da kwali kana saita ɗaya. Tunda kai mai lodi ne ka saita da buhunan a kai, in kuma taka tana da ɗan makunnin nan mai lamba 0 zuwa sama kusa da sitiyari to ka saita a 0 ba kaya, in ka yi lodi ka murza lambar sama fitilar zata sauka. Ka sa a duba sifirin na baya ma, in ya kwanta kullum gaban zai riƙa ɗagawa.