An toshe murhun jikin bango a gidanmu, zan iya bude shi?

Baban Hanifa:
Salam jama'a. Gidan da muka saya a Bradford ta Ingila irin tsofaffin nan ne na jere, bango daya da makwabci, a falo akwai wurin murhu amma an like shi da katako an bi da fenti. Na kwankwasa na ji rami ne a ciki. Kudin gas ya ishe ni wallahi, so nake in balle katakon in rika hura itace mu sha dumi kamar hunturun gida. Akwai wanda ya taba yi?

Dan Katsina a Leeds:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka kyasta ashana tukuna, fara kiran mai share bututun hayaki. Nawa da aka bude kirare da kunkunniya aka yi ta kwasowa, ashe tsuntsaye sun dade da yin sheka a ciki, da mai sharar ya kunna hayakin gwaji kuma sai ga shi yana bullowa a dakin yara a sama, shafen cikin duk ya zube, dole aka zura bututun karfe tun daga rufi. In ka tarar da bututun karfe na hitar gas a ciki baya daukar wutar itace. Ka nemi mai rajistar HETAS, masu tantance ma'aikatan murhun itace da gawayi, in kuma akwai tsohon fayif din gas sai mai Gas Safe, wato ma'aikacin gas mai rajista, ya toshe shi.

Maman Ilham:
Baban Hanifa ka tambayi kansul dai, wato karamar hukumarku. Unguwanni da yawa a Ingila an hana hayaki, a irinsu ba a kona itace a budadden murhu sai gawayin nan nasu mara hayaki da aka amince da shi. Tara tana kaiwa fam 300.

Injiniya:
Ka hau saman silin ma ka leka, wasu sukan rushe bututun daga sama don daki ya kara fadi su bar na kasa. Daben gaban murhun ya fito akalla milimita 500, ba kafet ba katako. Sannan alam, wato na'urar gargadi, na kabon monoksaid dole, mita 1 zuwa 3 daga wutar, iskar nan ce dai mai kashe mutane a gida in an kwana da gawayi daki a rufe, bata da wari. Amma gaskiya in don rage kudi ne ban goyi baya ba, yawancin zafin bututu yake bi ya fice.

Baban Hanifa:
Ikon Allah, ni da har na aro guduma. Na gode, gobe zan kira kansul. Dan Katsina nawa bututun karfen ya ci maka?