Firintar Bluetooth ta ƙi haɗuwa, in bi ta ɓoyayyar hanya?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, sati biyu ke nan abin ga ya hana ni barci. Na haɗa wata 'yar manhaja ta Android wa 'yan kasuwa nan Maradi, tana rubuta bashi tana fidda rasit da ƙaramar firinta. A wayata lafiya lau, amma a wasu wayoyi masu arha sai soket, wato layin da ke haɗa waya da firinta, ya ƙi buɗewa da createRfcommSocketToServiceRecord, hanyar da Android ya yarda a bi, jiya gaban wani Alhaji mai saida shinkafa na gwada sau shida takarda ba ta fito ba, wallahi kunya ta kama ni.

Da na kira wata hanya, createRfcommSocket, ta reflection (dabarar kiran abin da aka ɓoye cikin Android) nan take firintar ta buga. To amma ɓoyayya ce, ba ta cikin SDK, wato kayan aikin da Google ya ba masu haɗa manhaja, kuma tun Android 9 a 2018 Google ya fara taƙaita irin waɗannan, tsorona kar sabon update ya zo komai ya tsaya mutane suna tsakiyar ciniki, amanarsu ce a hannuna.

In fara da hanyar da aka yarda, in ta faɗi sannan in koma waccan cikin try-catch (tsarin da ke kama kuskure kar manhaja ta tsaya)? Wanda ya taɓa yin haka ya daɗe mishi?