Kano zuwa Guangzhou: awa nawa ne a sama?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Maigidana a Kantin Kwari zai tura ni Guangzhou ta ƙasar Sin sarin yadi, kuma ban taɓa wuce Jidda a jirgi ba. Tikitin Ethiopian ne ta Addis Ababa. An rubuta tashi ƙarfe 1:30 na rana daga filin Malam Aminu Kano, sauka wajen ƙarfe 4 na yamma washegari. Da na ƙirga sai na ga awa 26 da rabi. Amma na dawowa tashi bayan 12 na dare, a sauka Kano da azahar a ranar. To me ya sa zuwa ya ninka dawowa? Ko wata hanya ake bi?

Alhaji Mai Shadda:
Wa'alaikumus salam. Yaro, agogo ne ya ruɗe ka, hanya ɗaya ce. Lokacin da ke kan tikiti na garin da ake magana ne, ba na Kano ba. Sin tana gabanmu da awa 7, Habasha da awa 2. Ƙarfe 4 na yammar Guangzhou, a Kano 9 na safe ce, ko shago ba a gama buɗewa ba. Cire 7 daga lissafinka, saura 19 da rabi. A ciki akwai zaman jira a filin Bole na Addis, kamar awa 4. Na sama bai wuce 15 da 'yan kai ba: kusan 5 zuwa Addis, sannan 10 da wani abu zuwa filin Baiyun na Guangzhou. Wannan na biyun shi ne aikin, gwiwa sai ta faɗa maka. Nemi kujerar gefen hanya don ka riƙa miƙewa, ka bar wa yara ta taga.

A dawowa kuma sai ka ƙara 7 ɗin, za ka ga duk kanwar ja ce.

Injiniya:
Alhaji ya gama magana, ƙari kawai. Miƙe tsakanin Kano da Guangzhou kusan kilomita 11,000 ne. Ta Addis kuwa kamar 3,300 ne da 8,000, ka ga ratsen bai taka kara ya karya ba. Jidda da ka sani wajen 3,400 ce, wato ka ninka ta uku da ɗoriya. Hasali ma dawowa kan ɗan fi daɗewa a sama, musamman lokacin sanyi, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. Tana tura jirgi in za shi, tana tare shi in zai dawo.

Maman Ummi:
Ƙanena, ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Addis kan tudu take, sama da mita 2,300, dare akwai sanyi. Ka yi magariba da isha a nan Bole kafin a kira ku. Asuba kuwa kada ka bi agogon hannunka, da wuri gari ke wayewa tunda gabas kuka nufa.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, kwana nawa barci ke ɗauka kafin ya daidaita? Maigida na so in shiga kasuwa washegari da safe.

Alhaji Mai Shadda:
Yakan ɗauki 'yan kwanaki. Shiga ka zaga ka ga kaya, amma kada ka yi ciniki ranar, ƙarfe 10 na safensu 3 na darenka ce.