Don Allah ta ina zan samu sahihin bayani a kan ɗan takara kafin in dangwala masa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni kuma da gaske nake, ba rigimar jam'iyya na zo tayarwa ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 na bi layi tun sassafe har wajen azahar, aka miƙo min takardu uku, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Shugaban ƙasa dai na san wanda nake so, amma wallahi sauran biyun alamar jam'iyya kawai na duba na dangwala, tunda dama takardar ba sunan mutum ba hoto. Wanda na zaɓa ɗan majalisa ko cikakken sunansa ban sani ba sai da ya ci, kuma har yau ban ga ƙeyarsa a unguwarmu ba, asibitin sha-ka-tafinmu yana nan yadda yake ba magani. Abin ya tsaya min a rai sosai. Yanzu ka kunna rediyo da daddare sojojin baka ne, wannan ya wanke ubangidansa wancan ya zage shi, ka shiga Facebook 'yan data ne, WhatsApp kuma kullum sai an turo odiyo ana cewa a yaɗa don Allah. To ni mai ƙuri'a ɗaya ta ina zan san gaskiyar mutum?

Abu Sadiq Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da abin da shi ɗan takarar ya rantse a kai da kansa. Duk mai takara sai ya cike fom ɗin INEC da ake kira EC9, da can CF001 ake ce masa, a ciki akwai shekarunsa da makarantun da ya yi da kwafin takardunsa, kuma rantsuwa ce ta kotu. A dokar zaɓe ta 2022 an ce INEC ta manna waɗannan bayanan a mazaɓar cikin kwana 7 da karɓarsu, shi ya sa za ki ga an liƙa takardu a allon ofishinsu ba mai waiwayarsu. Haka kuma kowa yana iya neman kwafi ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Jerin ƙarshe na 'yan takara ma suna sa shi a shafinsu na intanet, suna da jam'iyya da shekaru da matakin karatu.

Kada ki raina wannan fa. Mu tuna Salisu Buhari, ɗan Kano, ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999, wata biyu bai cika ba ya sauka saboda takardar jami'ar Toronto ta bogi da ƙarin shekaru, kuma 'yan jarida ne suka tono ba wata hukuma ba. Sannan a Bayelsa ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsuwa, kotun ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamna saboda matsalar takardun mataimakinsa, aka rantsar da Douye Diri. Ƙuri'un mutane duk suka tafi a banza saboda abin da yake a rubuce tun kafin zaɓe.

Ɗan Gwale:
Malam Abu gaskiya ka faɗa amma takarda ba ta nuna hali. Tsarin mulki ma shaidar sakandare ko makamanciyarta kawai ya nema, kuma mun ga masu digiri biyu sun cuce mu. Ni abin da nake yi in mutum ya taɓa riƙe kujera aikinsa nake bi. Akwai Tracka na ƙungiyar BudgIT, suna bin ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi, za ki ga an rubuta gina aji biyu ko rijiyar burtsatse a gari kaza da kuɗin da aka ware, to sai ki ɗauki ƙafa ki je wurin ki gani da idonki, ko ki kira wani ɗan uwa da ke can ya ɗauko miki hoto. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tun 2019 take bin irin waɗannan ayyukan tana fitar da rahoto. Idan kuma batun zaman majalisa ne akwai OrderPaper, suna lissafa ƙudurorin da kowane ɗan majalisa ya kai, a cikin mutum 360 akwai waɗanda shekara huɗu za ta ƙare ba a ji muryarsu ba. Yaya ki duba naku, ina ga a nan za ki samu amsar da ke damunki.

Inna Ladi Katsina:
'Yata duk abin da suka faɗa da kyau, sai dai mu da ba ma jin turanci sosai fa? Yawancin shafukan nan da turanci suke. Ni hanyata daban ce kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ɗan majalisar jiha ko kansila ai ba daga sama ya faɗo ba, yana da unguwa yana da maƙwabta yana da inda ya yi aiki. Yadda muke bincike in an zo neman auren 'ya haka nake yi, in tambayi matan layinsu a gidan biki ko islamiyya, yana biyan masu yi masa aiki haƙƙinsu? da ya samu kuɗi ya tashi daga unguwar ya canza lamba? Amma kar ki tambayi wanda ke cin abinci a gidansa, kar kuma ki tambayi abokin gabarsa, ki nemi mutum uku ko huɗu da ba su san juna ba in maganarsu ta zo ɗaya to ki riƙe. Taliya da atamfa da ake rabawa ana gobe zaɓe kuwa ba su gaya miki komai a kan mutum sai dai cewa yana da kuɗin saye.

Sadiya BUK:
Ni a kan odiyon WhatsApp ɗin nan zan yi magana Anti, don shi ya fi ɓata mana iyaye. In aka turo miki hoto ko bidiyo kar ki yi saurin turawa gaba, ki sa hoton a Google Lens zai iya nuna miki wuraren da ya taɓa fitowa, sau da yawa za ki tarar tsohon hoto ne ko ma na wata ƙasa aka liƙa wa sunan ɗan takara. Murya kuma yanzu ana haɗa ta da kwamfuta ta fito kamar ta mutum sak. Ki duba ko masu tantance gaskiyar labarai irin su Dubawa ko Africa Check sun bincika maganar, ki duba ko BBC Hausa ko Aminiya ko Premium Times Hausa sun kawo, in babban zargi ne kuma duk ba wanda ya ɗauka to ki ajiye shi tukuna. Su ma jaridun ba ma'asumai ba ne shi ya sa nake haɗa biyu ko uku. Sannan muhawarar 'yan takarar gwamna da BBC Hausa ta shirya a Kano a 2023 ta taimaka min, don a nan mutum shi ke amsa tambaya da bakinsa ba yaronsa ba. Su sojojin baka ai yawanci fili ake saya musu a gidan rediyo, talla ce ba labarai ba.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa sanin ana manna takardunsu a ofishin INEC ba kuma kullum ta ƙofar nake wucewa in zan je kasuwa. Inna Ladi shawararki zan fara bi don akwai ƙawata da ke aure a unguwar su mutumin. Ɗan Gwale don Allah a Tracka ɗin da sunan ɗan majalisar ake nema ko da sunan ƙaramar hukuma?

Ɗan Gwale:
Ki fara da jiha sannan ki nemo ƙaramar hukumarku Yaya. In ya ba ki wahala ki faɗo min sunan mazaɓar kawai, in na taso daga shago bayan isha'i zan duba in rubuto miki ayyukan da Hausa, sai ki zagaya ki ga wanne aka yi wanne ba a yi ba.